Farfelar Gwangwani

Ranar da kuɗin lita ya sake tsalle
na kashe mota a tashar Jega, na hau bonet na zauna
ina ƙirga abin da fasinja shida suka bari.
Kuɗin suka ƙare, yatsuna ba su ko ɗumama ba.

Sai ga wani saurayi da jakar leda,
bakinsa ya fi rediyon motata gudu.
Ya ce, "Direba, injinka numfashi yake nema.
Ga 'yar farfela, a cusa ta bututun iska,
ta murɗa iskar ta zama guguwa,
mai ya ƙone ƙurmus, ko ɗigo ba ya kuɓuta.
Rabin tanki ya kai ka Yawuri, ya maido ka gida."
A jikin kwalin har da hoton mota tana dariya.

Dubu tara ya yanka. Muka tsaya a shida da rabi.
Kuɗin takalmin makarantar Kulu ne.
Na ce ta yi haƙuri, tanki zai biya ta.

Cindo bakanike ya juya abin a tafin hannu,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya kasa kunne.
"Arzika, wanga gwangwanin madara na, an yi mai fiffike."
Duk da haka ya kwance bututu ya ɗaura,
don ba ya musu da mai biyan ladan aiki.

Wallahi makon farko allurar mai ta yi nawar sauka.
Ina tuƙi ina satar kallonta
kamar mai gadin tukunya kada ta yi bori.
Na daina tsere da motocin albasar Aliero,
na bar tirela ta wuce ni a hawan Koko,
totur kuwa, lallaɓa shi nake yi da ɗan yatsan ƙafa
don kada in ɓata wa farfela aiki.

Na kai labari teburin mai shayi.
Manu mai bas ya ce in samo masa biyu.

Kulu ce ta yago takarda daga littafin lissafi,
ta ja layi: nan lita, nan zuwa, nan dawowa.
Kullum dare sai ta tare ni tun ban cire hula ba.
Mako huɗu tana rubutu da silifas a ƙafarta.
Lita uku, wata rana biyu da rabi, ke raguwa a kowane sawu.
Na ɗauki takardar na nufi gareji
in ga yadda kunya ke zama a fuskar Cindo.

Ya karanta har ƙasa. Ya goge hannu da tsumma.
Ya miƙa hannu saman kanta, bayan gwangwanin giris,
ya sauko da farfelata, ƙura ta rufe ta.
"Tun ranar da ka zo canjin baƙin mai na cire ta,
na ji tsoron fiffike ya karye injin ya haɗiye.
Kwana ashirin ke nan tana nan tana barci.
Matatar iskarka na wanke, ta toshe kamar hancin mai mura,
na ƙara wa tayoyinka iska.
Sauran, tambayi ƙafarka ta dama."

Na dubi ƙafata.
Shekara goma sha tara muna tare a kan totur
ban taɓa zarginta da sata ba.

Yanzu farfelar tana bisa kara a hannun ƙanen Kulu,
yana gudu da ita cikin lungu, tana juyawa sosai.
Takalmin na saya, ya ɗan yi mata yawa.

Jiya Manu ya sake tare ni, ina biyun da ya ce?
Na faɗa masa komai, har zancen ƙafa.
Ya yi shiru, ya kurɓi shayi,
ya ce lallai ɓoye masa nake yi.